Shekaru da Shanyewar Ɓarin Jiki a Ƙasar Gaya: Tarihin Wata Al'adar Jinya

Gaya na cikin garuruwan da suka fi daɗewa a ƙasar Kano, har ma labarin da ake bayarwa game da asalin birnin Kano kansa yana cewa wani maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, ya yada zango a gindin Dutsen Dala, kuma maƙeran da ake kira Abagayawa suna danganta kansu da shi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci sarautar Gaya tun zamanin Sarki Abdullahi Burja a ƙarni na 15, lokacin da hanyar fatauci tsakanin Kano da Borno ta yi ƙarfi, garin kuwa yana kan wannan hanya, ta yadda kanwa da gishiri da littattafai da almajirai duk suka riƙa ratsa shi. A yau Gaya da maƙwabciyarta Ajingi ƙananan hukumomi ne biyu a gabashin jihar Kano, kusa da iyakar Jigawa, waɗanda ƙidayar 2006 ta ba wa ta farko mutum sama da 200,000, ta biyu kuma sama da 170,000, akasarinsu manoman gero da dawa da gyaɗa da wake, da kuma makiyaya. An rubuta tarihin sarauta da yaƙe-yaƙen wannan ƙasa gwargwadon hali, amma akwai wani tarihi da ya fi shafar kowane gida, wato yadda ake karɓar mutumin da hannunsa ko ƙafarsa ko bakinsa ya mutu farat ɗaya, da wanda ake aikawa a kira masa, da kuma yadda shekarun majinyacin suke yanke wannan hukunci tun kafin a taɓa jikinsa.

Cutar da ake kira shanyewar ɓarin jiki, ko mutuwar ɓarin jiki, tana aukuwa ne idan jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko dai saboda gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai shi, ko kuma saboda jijiyar ta fashe jinin ya malala. Da yake kowane ɓangare na ƙwaƙwalwa yana sarrafa ɓarin jikin da ke ɗaya gefen, illar da ta sami hagun ƙwaƙwalwa a dama take bayyana, kuma sau da yawa takan haɗa da magana. Ƙaramar shanyewa ita ce wadda ta bar rauni kaɗan, kamar nauyin harshe ko sanyin hannu ko ɗan karkacewar baki, ta yadda mutum zai iya tashi ya taka da ƙafarsa. Likitoci suna auna ta da wani ma'auni da aka fitar a Amurka a 1989, wanda makinsa ya kama daga 0 zuwa 42, kuma galibi abin da bai wuce maki 3 ba, wasu su ce 5, shi suke kira ƙarama. Akwai kuma wadda ake cewa mai wucewa, wadda alamunta sukan ɓace cikin mintoci ko 'yan sa'o'i saboda toshewar ta buɗe da kanta kafin naman ƙwaƙwalwa ya mutu. Waɗannan biyun su ne al'adar jinya ta gargajiya ta fi yi wa riƙon sakainar kashi, domin ciwon da ya zo ya tafi da kansa ba ya tara dangi, alhali kuwa su ne gargaɗin babbar da ke tafe.

A ƙasar Gaya, kamar sauran karkarar Kano, an daɗe ana raba mutuwar gaɓa gida uku bisa shekarun wanda ta sama. Idan yaro ne ƙafarsa ta saki bayan zazzaɓi, ana cewa shan inna ne, ana danganta shi da Inna, ɗaya daga cikin manyan iskokin bori, wadda ake ganin ita ce ke shanye gaɓar yaro har ta ƙanjame. Masanin nan Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya bayyana matsayin wannan iska a littafinsa na 1946, kuma imanin ya rayu har ya shiga cikin muhawarar rigakafin foliyo a farkon wannan ƙarni. Idan magidanci ne mai jini a jika, ko matar aure mai shayarwa, suka wayi gari baki a karkace, ba a yarda cewa haka kawai ya faru ba, sai a nemi dalili a wajen iska da aka gamu da ita a gindin tsamiya ko kuka da tsakar rana ko da magariba, ko kuma a wajen mutum, wato sammu ko jifa daga abokin gaba a kan gona ko gado ko kishi. Irin wannan majinyaci shi ake yawo da shi daga boka zuwa malami, a sayar da akuya, a sayar da tunkiya, domin ana ganin akwai wanda ya ɗaura abin kuma akwai mai iya kwancewa. Idan kuwa dattijo ne ko gyatuma, babu wanda ake zargi, sai a ce jiki ne ya gaji, a shimfiɗa masa tabarma a ɗaki, a aika wa 'ya'ya da ke nesa, a roƙi Allah ya sa kaffara ne.

Wannan rabo ba shirme ba ne, domin ya kama wani ɓangare na gaskiya: a da, shanyewar yaro bayan zazzaɓi yawanci ƙwayar cutar foliyo ce mai lalata jijiyoyin laka, ba toshewar jini ba, kuma shanyewar tsoho ta fi ta matashi yawa nesa ba kusa ba. Aibinsa yana cikin abin da ya haifar a aikace, inda ake nema wa matashi dalili da ƙarfi amma a inda babu shi, tsoho kuma ba a nema masa dalili ko kaɗan, tunda an riga an ɗauki tsufan a matsayin amsa.

Mai sana'ar da ya fi kusa da gane cewa jini na da hannu a lamarin shi ne wanzami, wanda aska da 'yar tsaga da sauran kayan zabirarsa duk daga maƙera suke fitowa, kuma wanda sana'arsa take da shugabanta, Sarkin Aska, a tsarin sarautun gargajiya. Ƙaho, wato kafa ƙahon sa a fata bayan an yi ƙananan tsage a zuƙo jini, an gina shi ne a kan fahimtar cewa mataccen jini yakan taru a jiki ya kawo ciwon kai da jiri da nauyin gaɓoɓi, shi ya sa manoma da yawa suke yin sa kafin faɗuwar damina domin su shiga noma jiki a sake, kuma ƙeya da kafaɗu na cikin wuraren da aka fi kafa shi. Mutumin da hannunsa ya yi sanyi na ɗan lokaci sannan ya dawo, idan har ya nemi wani magani, to ƙaho zai nema, kuma da yake alamun sun riga sun wuce da kansu, ƙahon ne zai sha yabo. Lokacin da asibiti ya zo da maganar hawan jini, sai ta faɗa daidai cikin wannan tsohuwar fahimta, jama'a suka ɗauka cewa jini ne ya yi yawa ya hau kai, don haka rage shi zai wadatar, alhali abin da ake aunawa shi ne ƙarfin da jini ke bugun bangon jijiya, wanda ɗan jinin da ƙaho ke zuƙowa ba ya kawar da shi. Ga tsoho kuwa, wanda ake ganin jininsa ya yi ƙaranci kuma sanyi ya shige shi, an fi karkata ga ɗumama jiki: tausa da man shanu ko man kaɗanya, gashi da tsumma mai ɗumi, surace da saiwoyi, da kwanciya kusa da wuta a lokacin hunturu.

Wannan karkata ga zafi ta sami goyon baya daga littattafan malamai. Ilimin ɗibbu na Larabci, wanda ya gaji likitocin Girka, ya bambanta sakta, wato faɗuwa farat ɗaya tare da gushewar hankali, da falij, wato mutuwar ɓari guda, da laƙwa, wato karkacewar fuska, kuma Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayaninsu a littafinsa Alƙanun yana danganta yawancinsu da majina mai sanyi da danshi da ke toshe hanyoyin da motsi da ji suke bi. A wannan ilimi tsufa kansa yanayi ne na sanyi, saboda haka maganin tsoho shi ne abin da ke ɗumama, kuma an yi gargaɗi game da fitar wa yara ƙanana da tsofaffi tukuf jini. Tun kafin haka likitocin Girka sun lura cewa faɗuwar ta fi kama masu shekara 40 zuwa 60. Bayan jihadi ya kafu a Kano a 1807, rubuce-rubucen shugabannin Sakkwato sun ƙara wa maganin Musulunci daraja a kan na bori, musamman da yake Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai da dama a kan magani, kuma littafin Arrahma fiɗ-ɗibbi wal-hikma, wanda ake jingina wa Suyuɗi, ya zama abokin zaman malaman zaure da na tsangaya. Abin da ya iso ƙauye daga wannan ilimi shi ne rubutun sha da tofi da laya da habbatus sauda da zuma, waɗanda suka zauna tare da ƙaho da turare ba tare da sun kore su ba, sai dai sun canza wanda ake fara kira: tsoho mai mutunci malami ake kira masa, ba ɗan bori ba.

Zuwan Turawa Kano a 1903 bai taɓa wannan tsari ba na tsawon lokaci. Asibitin birni, wanda daga baya aka sa wa sunan Murtala Muhammad, an buɗe shi ne a ƙarshen shekarun 1920, ɗakunan shan magani na En'e da suka biyo baya a hedikwatocin gundumomi kuwa aikinsu wankin gyambo ne da ba da maganin zazzaɓi, yayin da hankalin hukuma yake kan annoba irin su agana da sanƙarau da ciwon barci da kuturta, waɗanda ke rage masu noman gyaɗa da biyan haraji. Bugu da ƙari, likitocin mulkin mallaka da yawa sun yi imani cewa baƙar fata ba ya hawan jini, tun bayan da wani likita mai suna Donnison ya wallafa a 1929 cewa bai ga cutar ba a cikin majinyata kusan 1,800 a Kenya, kuma cewa jinin mutanen da ya auna ba ya hawa da shekaru kamar na Turawa. Sai a shekarun 1960 da 1970 likitocin Ibadan suka rushe wannan zato, inda Oladipo Akinkugbe ya nuna yaɗuwar hawan jini a birni da ƙauye, Benjamin Osuntokun kuma ya jagoranci rajistar masu shanyewar ɓarin jiki ta Ibadan tsakanin 1973 da 1975. Na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, wadda ita kaɗai ke bambanta toshewa da fashewa da tabbaci, an fara aiki da ita a Ingila a 1971, ta iso Ibadan a 1987, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuwa an kafa shi a 1988. Ma'ana, dattawan da ke zaune a zaurukan Gaya da Ajingi yau sun girma ne a zamanin da babu wani wuri a duk ƙasar Kano da za a iya ganin abin da ya faru cikin kan mai shanyewa.

Dole a haɗa da cewa tsofaffin kansu ba su da yawa a da. A 1960 matsakaicin tsawon rai a Nijeriya bai kai shekara 40 ba, galibi saboda mutuwar yara, yanzu kuwa ya haura 50, kuma ko da yake masu shekara 65 zuwa sama ba su wuce kimanin kashi 3 cikin 100 na jama'a ba, adadinsu ya ninka sau da yawa saboda yawan jama'ar ya ninka. Abinci ma ya sauya, domin miyar da a da daddawa da ɗan gishirin fatake suke ɗaukar nauyinta yanzu tana shan dunƙule da gishirin kanti, ga kanwa da ba a daina sakawa a kunu da wake da tuwo ba, wadda ita ma sinadarin sodiyam ne jigonta, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada gishirin yini ya kai giram 5. Babur ya maye gurbin tafiyar ƙasa zuwa kasuwa, injin niƙa ya rage daka. Ba daidai ba ne a ce mutanen da ba sa shanyewa, tunda ba don cutar baƙuwa ba ce aka yi mata suna da magunguna, sai dai waɗanda suke kaiwa shekarunta sun ƙaru, abubuwan da ke gaggauta ta kuma sun ƙaru tare da su.

Binciken zamani ya tabbatar da cewa shekaru suna da nauyi a wannan cuta, amma ya juya hukuncin da al'ada ta gina a kansu. Haɗarin shanyewa yana ninkawa kusan sau biyu a kowace shekara 10 bayan mutum ya wuce 55, saboda jijiyoyi suna ƙara tauri kuma kitse yana taruwa a bangonsu, kuma wani bincike da aka yi a Kalifoniya aka wallafa a 2000 ya nuna cewa cikin waɗanda suka sami mai wucewa, kimanin 1 cikin 10 sun sami cikakkiyar shanyewa cikin kwana 90, rabinsu a kwana biyun farko. Daga nan aka fitar da wani lissafi a 2007 mai maki 7 domin gane wanda ya fi shiga haɗari, inda cika shekara 60 yake da maki guda, hawan jini da ya kai 140 bisa 90 maki guda, ciwon suga maki guda, raunin ɓari guda maki biyu, daɗewar alamu sa'a guda ko fiye maki biyu. A shekarar ce kuma Peter Rothwell da abokan aikinsa a Oksfod ta Ingila suka nuna cewa idan aka fara magani a ranar da majinyaci ya zo, maimakon a ba shi ranar dawowa, sake aukuwar cutar cikin kwana 90 yana saukowa daga kashi 10.3 zuwa kashi 2.1 cikin 100, sannan wani gwaji a ƙasar Sin a 2013, a kan mutum 5,170, ya nuna cewa haɗa asfirin da kulofidogirel na mako uku ya fi asfirin kaɗai kariya. Tsohon da al'ada ke cewa a bar shi ya huta, shi ne wanda kwanakin farko suka fi yi wa tsada.

Bayan kwanakin farko ma tsoho yana da nasa matsaloli da matashi bai cika samu ba. Akwai wata rikicewar bugun zuciya, inda ɗakunan sama na zuciya ke karkarwa maimakon bugawa, jini ya kwanta ya daskare, gudan ya tsinke ya tafi ƙwaƙwalwa. Tana ƙaruwa sosai da shekaru, tana ninka haɗarin shanyewa kusan sau biyar, kuma maganinta na tsinka jini daban yake da asfirin, don haka sai an yi gwajin zuciya ake gane ta. Akwai raguwar tunani, domin nazarin da aka tattara a 2009 ya nuna cewa kimanin 1 cikin 10 sukan shiga ciwon mantuwa bayan shanyewar farko, fiye da kashi ɗaya cikin uku kuma bayan ta biyu, abin da a gida za a kira gigin tsufa a wuce wurin. Akwai faɗuwa da karayar ƙugu saboda ƙafar da ba ta gama dawowa ba, da shaƙewa da ke kai abinci huhu, sannan maganin kansa yana da nasa haɗari, tunda zubar jini a ciki sakamakon shan asfirin kullum ta fi yawa kuma ta fi muni ga waɗanda suka haura 75.

Ta ɓangaren masu ƙananan shekaru, abin da aka gano a Afirka ta Yamma ya saɓa wa na Turai ƙwarai. Binciken SIREN, wanda Mayowa Owolabi da Bruce Ovbiagele suka jagoranta a asibitocin Nijeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya, ya wallafa a 2018 sakamakon majinyata 2,118, inda matsakaicin shekarunsu ya kasance 59, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba su kai 50 ba, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkan shanyewar fashewar jijiya ce, a cikin 'yan ƙasa da 50 kuwa fashewar ta ɗan haura rabi. Hawan jini shi ne babban dalili da ya danne sauran, cin ganye kullum kuma ya fito a matsayin kariya, abin da ya kamata ya ɗaga darajar zogale da rama da yakuwa da tafasa a idon masu ganin su abincin talaka ne. Wanda al'ada ke ce wa an yi masa jifa yana ɗan shekara 45, mafi yawan lokaci hawan jini ne da ba a taɓa aunawa ba. Matashi yakan warware fiye da tsoho, domin ƙwaƙwalwarsa ta fi iya koya wa wani sashe aikin wanda ya lalace, amma yana da shekaru masu yawa a gaba da zai yi ɗauke da haɗarin, kuma wani bincike a Holan da aka wallafa a 2013 ya nuna cewa cikin masu shekara 18 zuwa 50 da suka tsira daga toshewa, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu sun rasu cikin shekara 20. Raunin da likita zai kira ƙarami, kamar yatsun da ba sa damƙa, ga mai riƙe fartanya ko mai daka ko mai ɗinki asarar sana'a ce.

Rukuni biyu na masu ƙananan shekaru suna da alaƙa ta musamman da ƙasar Hausa. Na farko masu jego, waɗanda tun shekarun 1970 likitocin Zariya, Davidson da Parry, suka bayyana yawan ciwon zuciya a cikinsu bayan haihuwa, suka kuma danganta shi da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi da yawan shan kunun kanwa. Zuciyar da ta kumbura ta raunana tana iya tara gudan jini ta aika shi ƙwaƙwalwa. Na biyu yara masu sikila, waɗanda kimanin kashi 11 cikin 100 nasu sukan sami shanyewa kafin shekara 20 idan ba a yi rigakafi ba, kuma a da babu makawa shan inna za a kira ta. A asibitocin Kano da Kaduna ne aka gudanar da gwajin SPRING, wanda aka wallafa a 2022, da ya nuna cewa auna gudun jini a jijiyoyin kan yaro da na'ura, sannan ba wa masu haɗari maganin haidiroksiyuriya ko da kaɗan ne, yana rage aukuwar shanyewar.

Duk wannan lissafi yana buƙatar a san shekarun majinyaci, wanda a karkara ba ƙaramin aiki ba ne, domin dokar da ake aiki da ita wajen wajabta rajistar haihuwa a Nijeriya ta 1992 ce, kuma dattawan yau an haife su ne a ɗaki a hannun ungozoma. Ma'aikacin lafiya mai basira yakan bi hanyar da mutanen suke bi da kansu, ya tambaya ko an haifi mutum kafin zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, ko yana da wayo lokacin da Sarkin Kano Sanusi na ɗaya ya bar gadon sarauta a 1963, ko an yi masa kaciya kafin canjin kuɗi zuwa naira da farin 1973. Wanda aka haifa a shekarar da aka kashe Sardauna, 1966, a 2026 yake cika 60, alhali noma da rana sun sa tuni ana kiransa tsoho, kuma tuni gida ya fara yi masa hukuncin tsofaffi.

Akwai abin da al'adar ta iya wanda asibiti ba zai iya saye da kuɗi ba. Tsoho mai shanyewa a gidan gandu ba ya kwana shi kaɗai, akwai mai juya shi, mai yi masa tausa, mai kama shi zuwa bayan gida, akwai jikoki da ke sa shi magana ko ba ya so, akwai kuma ƙoƙarinsa na yin alwala da salla, ko a zaune ne, wanda ke motsa gaɓoɓi sau biyar a yini. Waɗannan suna kusa da abin da masu gashin ƙashi suke koyarwa, kuma suna kare shi daga gyambon kwanciya da ƙuncin zuciya da ke addabar tsofaffi masu zaman kaɗaici. Illar tana zuwa ne ta wasu ƙofofi. Ɗura wa wanda maƙogwaronsa bai dawo ba kunu ko rubutu yana kwance na iya kai shi ga ciwon huhu. Gashi da wuta a gaɓar da ba ta ji yana ƙona fata ba tare da majinyaci ya sani ba. Jan hannun da ya saki domin a tayar da mutum yana gurɗe kafaɗa. Sayen asfirin a kemis ba tare da hoton ƙwaƙwalwa ba caca ce a ƙasar da fashewa ta kai kashi ɗaya cikin uku, tunda maganin da ke taimakon mai toshewa yana ƙara wa mai fashewa zubar jini. Mafi girman illa kuwa ita ce jinkiri, domin allurar narkar da gudan jini ba ta da amfani bayan sa'a huɗu da rabi, Gaya kuma tana da nisan fiye da kilomita 60 daga birnin Kano ta hanyar Wudil, ƙauyukan Ajingi sun fi haka, kuma kafin a taru a yi shawara a nemo mota yini ya tafi.

Abin da ya rage a hannun karkara, saboda haka, shi ne awo da rigakafi. Tsarin kiwon lafiya matakin farko, wanda Olikoye Ransome-Kuti ya ƙarfafa lokacin yana minista daga 1985 zuwa 1992, an gina shi ne a kan mata masu ciki da yara, tsoho bai cika samun gurbi a cikinsa ba, sai a 2020 aka fara wani shiri na shawo kan hawan jini a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ma'aikatan lafiya na al'umma suke auna jini su fara ba da amlodifin bisa tsari guda ba sai an jira likita ba. Babban asibitin Gaya shi ne matakin da ke sama da waɗannan, daga nan sai Kano. Masarautar Gaya, wadda aka ɗaga a 2019, aka rushe a watan Mayun 2024, aka kuma maido da ita a watan Yulin shekarar a matsayin mai daraja ta biyu da ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni, irin sarƙar da aka yi amfani da ita wajen shawo kan iyaye a yaƙin foliyo har aka ayyana Nijeriya ta rabu da nau'in cutar na daji a watan Agustan 2020. Sai dai ɗigon foliyo kyauta ne kuma yana da ranar gamawa, maganin hawan jini kuwa na kullum ne har ƙarshen rai. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya na tushe, jihar Kano ta yi dokar hukumar taimakekeniyar lafiya a 2016, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta sa tsofaffi cikin masu rauni da za a tallafa wa, amma manomin da ba ya cikin rajista daga rumbunsa yake biya, kuma rumbu yakan yi ƙasa a tsakiyar damina, lokacin da kuɗin taki da na 'yan ƙwadago suke gaba da kuɗin maganin dattijon da ake ganin ya riga ya warke.